Na'urar ƙara kaifin totur: tana ƙara wa inji ƙarfi da gaske?

Auwalu: Assalamu alaikum. Iyayen gida, ina neman haske. Akwai wata 'yar na'ura da ake ta talla, ana jona ta a soket ɗin totur, tana da ɗan allo mai lambobi da ake mannawa a dashbod. Masu sayarwa sun ce tana ƙara wa mota ƙarfi, wasu har da cewa tana rage shan mai. Motar da ake son sa wa Corolla ce 2010 otomatik, tana da nauyin tashi, musamman in an kunna AC. Wani kuma ya ce ko ba a saya ba, ana iya ɗaga sensan totur kaɗan a samu abu ɗaya. Mene ne gaskiyar lamarin?

Oga Sale Rewaya: Wa alaikumus salam. Auwalu, magana biyu ka haɗa, bari a raba su.

Corolla 2010 ba ta da kebul tsakanin totur da inji. Abin da kake takawa sensa ne kawai. Soket ɗinsa waya shida ne: biyu suna kawo volt 5 daga birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, biyu na at, wato wayar ƙasa, biyu kuma suna mayar da sigina. A Toyota ana kiran siginonin nan VPA da VPA2. In ƙafa ba ta kan totur, VPA yana wajen volt 0.8, VPA2 yana wajen 1.6, in ka taka su tashi tare, tazararsu ba ta canzawa. Birenbos ya karanta, ya yi lissafinsa, sannan ya umarci wata 'yar mota ta lantarki da ke jikin bakin injekta, wato maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji, ta buɗe faifan iska.

Na'urar da kake magana tana shiga tsakanin totur da birenbos. Ka taka kashi 20, ta ce ka taka kashi 40. Ka taka rabi, ta ce ka kai ƙasa. Aikinta ke nan gaba ɗaya. Ba ta san da nozul ba, ba ta san da fulogi ba, ba ta taɓa taimin. In ka kai totur ƙasa, da ita da babu ita saƙo ɗaya ne yake isa birenbos: kashi 100. Injin 2ZR da ke cikin motar nan ƙarfin doki 132 aka rubuta masa, kuma a nan zai tsaya.

Shi kuma wanda ya ce a ɗaga sensa, da motocin kebul yake. A motarka, sensan faifai a cikin bakin injekta yake a rufe, babu wurin juya shi.

Garba Hilux: Oga Sale, ban ƙi bayaninku ba, amma duk wanda ya tuƙa mota mai wannan abu ya san akwai bambanci. Ana taɓawa mota na zabura. In da yaudara ce zalla, da kamfanoni irin su Sprint Booster da Pedal Commander da Pivot ba su daɗe a kasuwa haka ba.

Oga Sale Rewaya: Garba, ai ban ce babu bambanci ba. Zaburar gaskiya ce. Abin da nake cewa shi ne zaburar nan tana cikin motar tun asali, a ƙasan totur take, na'urar ta ɗauko ta ta kawo sama. Abin da ta ba ka a farkon taku, a ƙarshen taku ta cire shi. In an sa ta a lamba mai zafi, wato wadda ta fi ninka taku, rabin totur na ƙasa ya zama fanko, kana takawa babu abin da ke ƙaruwa.

Injiniya Bashir: Bari in ƙara a kan maganar Oga Sale, don akwai dalilin da ya sa abin yake da saurin ruɗar mutum.

Ƙarfin injin fetur iska ce ke ƙayyade shi. Kowane giram 14.7 na iska giram 1 na mai ake zuba masa a tafiya ta yau da kullum, in an take totur ƙasa birenbos ya ƙara mai ya koma wajen 12.5 zuwa 13. To yawan iskar da inji zai iya zuƙa ya dogara ne da girman silinda, da bawul, da kamshaf, da saurin juyawa, da kaurin iskar wurin da kake. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da soket ɗin totur yake iko da shi.

Ga inda ruɗun yake. Faifan iska ba ya ba da ƙarfi daidai da buɗewarsa. In inji yana juyi 2,000 a minti, iskar da yake buƙata kaɗan ce, don haka da faifai ya buɗe kashi ɗaya cikin uku ya riga ya ba shi kusan duk abin da zai iya zuƙa. Ragowar buɗewar sai a juyi 5,000 ko 6,000 take amfani. Shi ya sa in na'ura ta ninka ɗan takun farko, direba yake jin kamar an canza masa inji: a cikin gari, a ƙaramin juyi, an ba shi kusan dukkan ƙarfin wannan juyin da ɗan yatsan ƙafa. Ya hau babban titi ya nemi wuce tirela, sai ya tarar motar jiya ce.

Garba Hilux: To Injiniya, jinkirin fa? Kowa ya san motocin waya, wato masu totur na sensa, suna da wani ɗan shiru tsakanin taku da amsawa, wanda motocin kebul ba su da shi. Ni a nan nake ganin amfaninta.

Injiniya Bashir: Tambaya mai kyau, kuma nan ne masu talla suka fi samun mutane. Shirun nan ba wuri ɗaya yake fitowa ba.

Sensan totur ba ya jinkiri, wuta ce. 'Yar motar da ke buɗe faifai ma tana da sauri, daga rufe zuwa buɗe gaba ɗaya ba ta cin kwatan daƙiƙa. Jinkirin da kake ji, mafi yawansa da gangan aka rubuta shi a cikin birenbos. Tun da Bosch ya fito da tsarin ME7 a ƙarshen shekarun 1990, birenbos ba ya ɗaukar totur a matsayin umarnin buɗe faifai, yana ɗaukarsa a matsayin buƙatar ƙarfi. Sai ya tace buƙatar: ya hana ƙarfi shigowa farat ɗaya don kada mota ta yi fizga, don kada giyabos da mazaunin inji su sha duka, don kada hayaƙi ya wuce ƙa'ida. Wannan tacewar tana bayan na'urar ne, a cikin birenbos. Na'urar tana bakin ƙofa, ba ta shiga ɗaki.

Sai jinkirin giya. A otomatik, in ka taka da ƙarfi sai giyabos ya yanke shawara, ya saki kuloci ɗaya ya kama wani, inji ya tashi. Wannan ma lokaci ne da na'urar ba ta rage shi. In mota mai turbo ce, ga jiran turbo ya cika.

Abin da take ragewa ɗaya ne: lokacin tafiyar ƙafarka. A ce ƙafa tana cin kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa kafin ta kai ƙasa, na'ura ta sa siginar ta cika a rabin hanya, ka ci ribar kashi 1 cikin 10. A gudun kilomita 80 mota tana cin mita 22 a daƙiƙa, kenan saƙonka ya isa da wuri da kimanin mita 2. Riba ce, amma iyakarta ke nan, kuma mai saurin ƙafa yana samun ta kyauta.

Garba Hilux: Amma ai yawancin mutane ba sa kai totur ƙasa. Direba ya saba da ɗan taku, in ya zo fita daga kwana ko shiga shataletale sai motar ta yi masa sanyi. Ga irin wannan mutum na'urar ta gyara masa tuƙi, ko da dokin bai ƙaru ba.

Injiniya Bashir: Wannan na yarda da shi. In mutum ya san abin da yake saya shi ne sauya yanayin taku, ba ƙarfi ba, babu laifi. Kamfanonin mota da kansu suna yin haka, maɓallin Sport da Eco da ke cikin sababbin motoci babban aikinsu ke nan, sai dai su suna haɗawa da tsarin canjin giya. Damuwata da mai sayarwa ne da zai ce wa mai Corolla zai samu ƙarin doki.

Malam Habu Mai Giya: Salamu alaikum. Ku bar ni in yi magana ta ɓangaren giya, don shi ne ake mantawa, kuma shi ne mai tsada.

Giyabos na otomatik abu biyu yake dubawa kafin ya canza: gudun mota da yawan taku. In aka yi masa ƙarya a taku, duk jadawalinsa ya gurɓace. Direba yana tafiyarsa a hankali da kashi 15, giyabos yana ganin kashi 30, sai ya riƙe giya ta biyu ya ƙi sakin ta da wuri. A kan hanya kuma ɗan motsin ƙafa kaɗan sai ya sauko daga ta huɗu zuwa ta uku, ka sassauta ya koma, haka zai yi ta kai da kawo. Corolla 2010 mai injin 1.8 giya huɗu ce kacal, tazarar da ke tsakaninsu da faɗi, don haka kowace saukowa ana jin ta.

Abin da ya fi damuna shi ne kulocin da ke cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos ta hanyar mai. In mota ta daidaita a hanya, kulocin nan yana kamawa ya haɗa inji da giya kai tsaye, zafi ya ragu, mai ya ragu. Da an ƙara taku yake saki. Na'ura mai zafi tana sa shi saki da kamawa fiye da ƙima, kuma duk lokacin da yake a sake man giya ne ke ɗaukar aikin, yana ɗumama. Man giya ya fi son zama wajen digiri 80 zuwa 90. A watan Afrilu, zafin gari ya haura 40, ga cunkoso, ga AC, ga motar da ta zo daga waje da man da ba a san ranar da aka canza shi ba, ba ta buƙatar ƙarin wahala.

Ban ce za ta kashe giya a wata ɗaya ba. Amma wanda giyarsa ta fara zamewa ko bugawa, kada ya kusance ta.

Hajiya Rabi: Malam Habu, maganar rage shan mai fa? Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 wannan ce tambayar farko ga duk mai mota. Suna cewa akwai lambobin Eco a jiki.

Malam Habu Mai Giya: Hajiya, Eco ɗin juyin wancan ne. Kin taka kashi 30, ta ce 20. Motar ta yi sanyi, giya ta canza da wuri. In direba mai nauyin ƙafa ne kuma ya haƙura da sanyin, zai iya ganin ɗan sauƙi. Amma yawanci ƙafa tana ramawa, mutum ya ji mota ba ta tafiya sai ya ƙara taku har ya samu gudun da ya saba, an dawo gidan jiya. Inji bai koyi ƙona mai da kyau ba. A lambobi masu zafi kuwa sha yake ƙaruwa, saboda giya tana daɗewa a ƙasa kuma ana yawan shiga inda birenbos ke ƙara mai.

Mai son tabbatarwa ya cika tanki har famfo ya katse, ya yi kilomita 300 a hanyar da ya saba, ya koma famfon nan dai ya cika, ya raba kilomitar da litar da ta shiga. Ya maimaita da na'ura a kashe. Kada ya dogara da allurar dashbod.

Isufu Agadas: Gaisuwa ga manya. A wajenmu masu Hilux da Land Cruiser ne suka fi sa ta, kuma ina ganin an bar wani ɓangare. A rairayi da hanya mai gargada, lamba mai zafi masifa ce. Mota ta daki rami, ƙafa ta girgiza, na'ura ta ninka girgizar, mota ta zabura, zaburar ta sake girgiza ƙafa. Haka za a yi ta tsalle, taya tana haƙa. Lamba mai sanyi ce ke da amfani a nan, tana ba ƙafa fili ta riƙe ƙarfi ɗaya ba hawa ba sauka. Haka in ana jan wata mota da igiya, ko ana hawa dutse a ƙaramar giya. Wannan amfani ne na gaske da ba a tallata shi.

A injin dizal kuma, irin 1KD da 2KD da 1GD, totur yawan mai yake nema. Amma birenbos ba zai zuba man da ya wuce iskar da turbo ya kawo ba, don hana baƙin hayaƙi. In turbo bai cika ba, ko na'ura ta yi ihun kashi 100 sai an jira shi.

Garba Hilux: Maganar tsalle gaskiya ce. A laka ma haka, Hilux in bayanta babu kaya ba ta son zafin totur, nan da nan take juya baya.

Oga Sale Rewaya: Tunda an zo kan haɗari, bari in faɗi abin da ke lalacewa ta ɓangaren waya, don ba kowace na'ura ce ke da inganci ba, kasuwa cike take da marasa suna.

An yi sigina biyu ne don tsaro. Birenbos yana gwada su da juna kullum. A Toyota, in tazarar VPA da VPA2 ta yi ƙasa da 0.4 ko ta haura 1.2, sai ya kunna fitilar cek ya ajiye lambar matsala P2121. A wasu motocin P2138 za ka gani. Na'urar dole ta canza siginonin biyu tare, daidai wa daida. Mai arha takan kuskure, musamman in ta yi zafi ko batir ya yi rauni lokacin tayarwa. In birenbos ya daina yarda da sigina ɗaya sai ya taƙaita ƙarfi, in ya daina yarda da duka biyun sai ya ɗauka ba a taka ba, mota ta koma silo. Ka yi tunanin hakan ya faru kana gefen tirela a hanyar Kaduna zuwa Zariya.

Kuma ba kowace mota ce ke da tazarar 0.8 ba. A Honda da Volkswagen da yawa, sigina ta biyu rabin ta farko ce. Wasu sababbin motoci ma ba volt suke aikawa ba, saƙon lambobi ne. Don haka shigar soket ba ita ce shaida ba. Sai an tabbatar na'urar an yi ta ne don wannan mota, wannan shekara, wannan inji. Accord 2003 zuwa 2007 mai V6 ma sensanta ba a ƙafa yake ba, kebul ne ya tafi daga totur zuwa sensa a ɗakin inji, a can soket yake, cikin zafi da ƙura.

Na uku, na'urar tana shan wutarta ne daga volt 5 na birenbos. In ta yi shot a ciki, ko ruwa ya shige ta a wajen wanki ko da damina, tana iya jawo volt 5 ɗin ƙasa. A motoci da yawa layin nan ana raba shi da wasu sensa, sai ka ga lambobi sun cika kwamfuta, mota ta ƙi tashi, a yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau.

Auwalu: Oga, in mutum ya nace sai ya sa, yaya ake yi ba tare da an jawo matsala ba?

Oga Sale Rewaya: A fara da sa kwamfuta a tabbatar babu wata lamba a ajiye. A kashe mota, a cire makulli a kai shi nesa in mai maɓalli ce, a buɗe ƙofa a bar ta a buɗe, a jira minti 10 zuwa 15 birenbos ya yi barci. In ka zare soket yana farke, nan take zai ajiye lamba. A danna harshen soket a zare, ba a jan waya. A jona na'urar har a ji ƙas a ɓangarorin biyu. Wayar da ta yi saura a naɗe a ɗaure ta sama, nesa da birki da sandar sitiyari. Ba a yanka waya, ba a fere ta, duk wanda ya ce sai ya yanka a karɓe motar.

Kafin a tayar, a buɗe makulli kawai, a duba totur D da E, wato siginonin totur biyu, a kwamfuta, a taka a hankali daga sama har ƙasa. Lambobin su tashi sumul babu tsalle, in an saki su koma inda suke. Sannan a gwada a fili da lamba mafi sanyi. A gwada ribas ma, don a nan ne zafin totur ya fi cin mutane, wajen fakin da fita daga gida inda yara ke wasa. In motar ta gida ce da mutum fiye da ɗaya ke tuƙawa, kowa ya san da ita.

Baba Ɗanjuma: Yara, kun yi ta maganar motocin waya. Wanda ya ba Auwalu shawarar ɗaga sensa da tsofaffin yake, kuma har yau ana yi, don haka a faɗi illarsa.

A motar kebul ƙafarka ce ke buɗe faifai, sensa labari kawai yake kai wa birenbos. Mai waya uku: volt 5, at, da sigina. A rufe wajen 0.5, a buɗe wajen 4.5. Tsofaffin Toyota suna da waya ta huɗu, IDL, wadda ke shaida cewa ƙafa ta sauka. In aka sassauta sukurori biyun aka juya sensa ya koma 0.8 ko 0.9, iska ba ta ƙaru da komai ba tunda faifai yana inda yake. Abin da ya faru shi ne birenbos ya daina sanin lokacin da aka saki totur. Silo ya yi sama ko ya riƙa hawa da sauka. Yanke man da yake yi in ka saki totur a gangara ya tsaya, ka yi ta ƙona mai a banza. Otomatik ta riƙa jinkirin canji tana bugawa. Wani lokaci P0121 ta fito. Honda ma da gangan suka ɗaure nasu da sukurori marasa kai don kada a taɓa.

Gyaran sensa na gaskiya shi ne mayar da shi inda kamfani ya ce, da mita a hannu, ko da filageji, wato ma'aunin tazara, a masu IDL. In yana da wurin da ya cinye, za ka ga allurar mita ta faɗi ta tashi a tsakiyar taku. Wannan canzawa ake yi. Motar da aka canza wa mataccen sensa takan dawo da ƙarfinta, shi ya sa wasu suke zaton sensa yana ƙara ƙarfi.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara girma, Baba. Ɗan'uwan wannan shi ne ɗan akwatin da ake jonawa a sensan zafin iska ana kiransa cif. A ciki resista ce ƙwaya ɗaya. Sensan yana ba da wajen ohm 2,500 a digiri 20, yana raguwa in iska ta yi zafi. Resistar tana sa birenbos ya zaci iska mai sanyi ce. Ƙarin man da zai zuba, sensan hayaƙi zai gani ya sa a janye shi. Abin da ya rage shi ne an hana birenbos ja da taimin baya lokacin zafi, wanda kariya ce daga ƙwanƙwasar inji. A ƙasarmu wannan ba abin wasa ba ne.

Haka zoben da ake sawa a bayan bakin injekta, da babban bakin injekta. Akwai gwaji mai sauƙi ga motar da ke da sensan MAP, mai auna nauyin iskar da ke shiga inji. Buɗe makulli ba tare da tayarwa ba, ka rubuta abin da ya nuna, wannan nauyin iskar gari ne: a Kano wajen kPa 95 ko 96, a Jos wajen 88. Sannan a take ƙasa a babban juyi a sake dubawa. In bambancin bai wuce 2 ko 3 ba, bakin injekta ba ya shaƙe injin, girmansa ba zai ƙara komai ba. Lambobin nan kuma suna nuna dalilin da mota ke yin sanyi a Jos: inji marar turbo yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 a kowane hawan mita 100.

Hajiya Rabi: To Injiniya, me ke ƙara ƙarfi da gaske?

Injiniya Bashir: Sake rubuta birenbos, a hannun wanda ya iya. A mota mai turbo ana samun ƙari na gaske saboda ana ƙara iska, tare da ƙarin nauyi a kan kuloci da giya da lagireto. A inji marar turbo kamar na Corolla, abin da ake samu kaɗan ne, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Garba Hilux: Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa ga babbar mota mai nauyi wadda kamfani ya yi wa totur mai sanyi, lamba ta tsakiya tana sa tuƙi daɗi. Amma na sauka daga maganar ƙarfi.

Oga Sale Rewaya: Ba mu da saɓani a nan, Garba, in motar lafiyarta ƙalau. Ta Auwalu ce nake shakka. Ruwa ba ya tsami banza, Corolla mai nauyin tashi yawanci wani abu ne ke damunta, in aka sa na'ura an rufe ciwon ne kawai.

Auwalu: To Oga, daga ina za a fara? Akwai ɗan OBD2, abin karanta bayanan birenbos, mai haɗawa da wayar hannu.

Oga Sale Rewaya: Ya isa. Bari inji ya yi zafi, AC a kashe. Duba gyaran mai, wato ƙari ko ragin man da birenbos ke yi, gajere da dogo, ka haɗa su. In sun wuce kashi 10 sama, inji yana ƙarancin mai ko iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, ko sensan MAF, mai auna yawan iskar da inji ke zuƙa, ya yi datti. Duba MAF a silo, injin 1.8 yana ba da wajen giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Sannan a hanya marar cunkoso, wani yana riƙe da wayar, a take ƙasa har kusa da jan layin agogon juyin inji: lafiyayyen 2ZR zai kai wajen giram 100 a daƙiƙa. In ya tsaya a 70 ko 75, ko iyakilina, wato matatar iska, ta toshe da ƙurar hunturu, ko MAF yana ƙarya, ko indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ya toshe. Kada ka tsorata in buɗewar faifai ta nuna 80 da wani abu maimakon 100, lissafin volt ne, haka yake nunawa.

Bayan nan a zare iyakilina a ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsawa a canza. MAF da abin wankinsa kawai ake fesa shi, ba na kafireto ba, kuma ba a taɓa siririyar wayar ciki. Bakin injekta a wanke shi da makulli a kashe, a fesa a tsumma a goge, ba a cika shi da ruwan wanki ya gangara cikin 'yar motar. In silo ya ɗan yi sama bayan wanki, a ba birenbos lokaci ya sake koyo, kada a taɓa komai. A duba fulogi, a tabbatar na iridiyom ne na asali masu dogon wuya da aka yi wa 2ZR, don jabu sun yi yawa. Famfon mai a auna shi da geji, ya ba da psi 44 zuwa 50. A ɗaga mota a juya tayoyi da hannu ko birki yana kamawa, a auna iskar taya. Tunda ka ce da AC abin ya fi tsanani, a duba ko an cika gas fiye da ƙima, da kuma ko fankar lagireto tana juyawa yadda ya kamata, don kwamfireso mai wahala yana cin ƙarfi sosai a ƙaramin juyi.

Malam Habu Mai Giya: A ƙara da man giya. Irin wanda ake kira WS take sha, ba jan mai na kowa da kowa ba. A duba launinsa da warinsa, kuma a lura ko da giya ta ɗaya take tashi. In solonoyid, wato bawul ɗin lantarki na cikin giya, ya samu matsala mota takan tashi da babbar giya, mai ita ya ce inji ne ba ƙarfi.

Auwalu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da gyaran mai da MAF in kawo lambobin.

Oga Sale Rewaya: Amin. Ka haɗo da zafin ruwa da zafin iska a lokacin da ka ɗauka, da juyin da inji yake kai sa'ad da MAF ya nuna mafi girma, in ba haka ba lambar ba za ta karantu ba.